Cinikin Biri a Sama: Ina Aka Kwana Kan Nikel ɗin Dangoma?

A watan Agustan 2016 Nijeriya na cikin mawuyacin hali. Farashin ɗanyen mai ya zube, naira ta sha ƙasa, jihohi da dama sun kasa biyan albashi, hukuma da bakinta ta amsa cewa tattalin arziki ya shiga karaya. Ana cikin wannan ƙunci sai labari ya ɓulla cewa wani kamfanin 'yan Ostareliya mai suna Comet Minerals ya gano nikel a Dangoma, cikin ƙaramar hukumar Jama'a ta jihar Kaduna, ba nisa da Kafanchan. Aka ce ma'adinin ya zo a siffar 'yan ƙananan ƙwallaye, wasu ba su wuce ƙwayar gero ba, warwatse cikin ƙasa a fili mai faɗin murabba'in kilomita 20, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na kowace ƙwaya zallar nikel ne. Jagoran kamfanin, Hugh Morgan, ba ƙaramin mutum ba ne a harkar. Shi ya shugabanci Western Mining, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin haƙar ma'adinai na ƙasarsu. A watan Satumba aka kai zancen babban taron masu zuba jari a ma'adinan Afirka da ake yi a birnin Perth, inda ministan ma'adinai na lokacin, Kayode Fayemi, ya halarta.

Ina tuna yadda muka karɓi labarin a majalisarmu ta bayan la'asar. Wani abokina, malamin makaranta da ke bin bashin albashin wata uku, ya ɗauki biro yana raba biliyoyin dalolin da jaridu suka rubuta da yawan mutanen jihar, don ya ga nawa zai faɗo masa. Muka yi dariya, amma dariyar mai jin yunwa ce da ya jiyo ƙamshin miya. Har da masu cewa Arewa ta samu nata man fetur, daga yau ba mai sake yi mana gori.

Yau shekaru sun tasam ma goma. Duba jerin ƙasashen da ke haƙo nikel a duniya, babu sunan Nijeriya. Babu masana'antar narka shi, babu jirgin da ya tashi daga Apapa da lodinsa. Abokin nan nawa ya yi ritaya, yanzu garatuti yake bi.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Ban ce kamfanin ya yi ƙarya ba, ban kuma ce babu nikel a Dangoma ba. Kamfanin bincike aikinsa ke nan: ya ga alama, ya ɗaga murya, ya nemi masu kuɗi su zo a haƙa a gani. Haushina yana kan namu, jami'an gwamnati da 'yan siyasa da mu 'yan jarida, da muka ɗauki alama muka sayar wa talaka a matsayin dukiya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kowa ya san wannan, amma ranar da aka ambaci ma'adini sai hankalinmu ya tafi hutu.

Mu fara da wannan kashi 90 da ya ruɗa mutane. Tsarkin ƙwayar ake nufi, ba yawanta a cikin ƙasa ba. Idan na ce maka zoben hannuna zallar azurfa ne, ban gaya maka azurfa nawa ke cikin gidana ba. Abin da mai haƙa ke son sani shi ne, idan ya kwashe tan guda na ƙasa ko dutse, kilo nawa na nikel zai fitar, kuma tan nawa ne na irin wannan ƙasar ke kwance a wurin, zuwa wane zurfi. Yawancin ma'adinan nikel da ake cin riba da su a duniya kashi ɗaya ne zuwa uku cikin ɗari. Mu ɗauki kashi ɗaya: tan guda na dutse, kilo goma na nikel. A farashin dala 16,000 kan kowane tan na ƙarfen, wanda kusan nan kasuwar ta yi ta yawo a 2024, kilo goman nan dala 160 ne. Daga ciki za a cire kuɗin fasa dutse, niƙa, wanki, narkawa, wutar lantarki, ruwa, titi, tsaro, haraji, da abin da ke salwanta a hanya, domin ba a taɓa tsamo duk abin da ke cikin dutse. Wanda ya ninka faɗin fili da farashin kasuwar Landan ya ce mana ga darajar abin da ke ƙasa, ko bai san aikin ba, ko ya sani yana raina mana hankali.

Ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ya fi wasu kwamishinoninmu fahimtar wannan ilimi. Ba ya sayen buhu don an nuna masa kyakkyawan gero a baki. Yana da ƙarfen da yake soka wa buhu, ta tsakiya da ta gindi, ya zaro ya murza a tafinsa. Idan buhu ɗari ne, ba ya soka ɗaya ya yarda da sauran. Binciken ma'adini haka yake, sai dai buhun ƙasa ce kuma ƙarfen sokawar na cin miliyoyin daloli. Ana kawo injin huda irin na rijiyar burtsatse, a nitsa mita ɗari biyu, ɗari biyar, wani lokaci fiye da dubu, a zaro dutsen a siffar dogayen sanduna, a jera su cikin akwatuna da lamba. A tsaga kowace sanda gida biyu, rabi ya tafi ɗakin gwaji, rabi a ajiye don duk mai shakka ya zo ya sake gwadawa. Rami ɗaya ba ya cewa komai. Sai an yi gommai, sai an yi ɗaruruwa, a jere bisa tazara sananniya, sannan masani ya iya zana siffar abin da ke kwance.

Ko bayan haka ma magana hawa-hawa ce. A ƙa'idar JORC da Ostareliya ke aiki da ita, akwai adadin da ake kyautata zato kawai, akwai wanda alamu suka nuna, akwai wanda aka auna aka tabbatar. Dukansu ukun har yanzu ba su zama abin da banki zai ba da bashi a kai ba, sai an yi nazarin ko haƙowa za ta biya kuɗinta, sannan a kira shi ajiyar da za a iya ci. Kuma dole a samu ƙwararre mai suna da rajista da zai sa hannu, wanda idan ƙarya ta fito shi za a kama. Turawa ba don tsoron Allah suka kafa waɗannan dokoki ba, wuya suka sha. A ƙarshen 1969 wani ƙaramin kamfani mai suna Poseidon ya sanar da gano nikel a Windarra ta yammacin Ostareliya. Hannun jarinsa da ake sayarwa ƙasa da dala ɗaya ya haura har dala 280 cikin 'yan watanni, kafin ya rikito da mutane. Nikel ɗin kuwa akwai shi, an ma haƙa, amma bai kai yadda aka zuzuta ba, farashi kuma ya sauka, kamfanin ya durƙushe a 1976. Kanada ta ga wanda ya fi wannan muni a 1997, lokacin da aka gano cewa zinaren da kamfanin Bre-X ya ce ya samu a Busang ta Indunusiya barbaɗa shi aka riƙa yi a kan samfurin da ake kaiwa gwaji. Bayan wannan abin kunya suka tsaurara dokar bayyana sakamakon bincike. Mu kuwa wace doka ce ke hana gwamna ya hau mumbari ya ce jiharsa na zaune kan tiriliyoyi? Wa ya taɓa rasa kujerarsa don ya faɗi adadin da bai auna ba?

Akwai kuma abin da ya sa labarin Dangoma ya fi buƙatar taka-tsantsan fiye da kowane. Nikel da duniya ta saba da shi iri biyu ne. Akwai wanda ke haɗe da farar wuta cikin duwatsu masu zurfi, irin na Sudbury a Kanada da Norilsk a Rasha. Akwai kuma na jar ƙasa da marmara, wanda ruwan sama da zafi suka tace a kusa da saman ƙasa cikin miliyoyin shekaru, irin na Indunusiya da Filifin da Sabuwar Kaledoniya. Kowannensu an san yadda ake nemansa, an san yadda ake tace shi, an san kuɗin da yake ci. Zallar ƙarfen nikel a dunƙule cikin ƙasar noma baƙon abu ne a ilimin duwatsu, shi ya sa ma ya ja hankali. To baƙon abu ai tambayoyi yake ƙarawa. Daga wane dutse ƙwayoyin suka fito? Yana nan ƙarƙashin gonakin ko ruwa ne ya kwaso su daga nesa? Iya saman ƙasa suka tsaya ko sun nitsa? Waɗannan su ya kamata jami'o'inmu su yi wa caa. Jami'ar Ahmadu Bello na da sashen ilimin duwatsu, Jami'ar Jos na da nata, Hukumar Binciken Ƙasa da aka kafa tun 1919 na da ɗakin gwaje-gwaje a cikin garin Kaduna. Abin da ya dace shi ne kowane ɗalibin wannan fanni a Arewa ya iya karanto maka sakamakon Dangoma da ka. Maimakon haka, abin da ya rage a bakin mutane shi ne “ai an ce akwai”.

A ce ma an huda an samu, mai yawa, mai kyau. Nan ma tafiya ta fara ne. Voisey's Bay ta Kanada, ɗaya daga cikin mafi kyawun nikel da aka gano a zamaninmu, an same ta a 1993, kamfanin Inco ya saye ta kan sama da dalar Kanada biliyan huɗu a 1996, amma sai 2005 aka fara fitar da kaya. Shekara goma sha biyu, a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa. Kabanga da ke arewa maso yammacin Tanzaniya an san da ita tun shekarun 1970, masana na sa ta cikin mafiya inganci a duniya, an huda ta an sake hudawa, manyan kamfanoni sun shiga sun fita, amma shekara da shekaru tana kwance saboda nisa da tashar ruwa da rashin wuta da hawa-da-saukar farashi. Ambatovy ta Madagaska ta lashe kusan dala biliyan takwas kafin ta fara aiki a 2012, masu ita kuma sun sha tafka asara. Wannan shi ne girman kuɗin da ake magana. Ka kwatanta da kasafin kuɗin ma'aikatar ma'adinanmu, ka kwatanta da wutar da muke rabawa tsakanin mutum sama da miliyan ɗari biyu. Tukunyar narka nikel ba ta aiki da janareton “na fi maƙwabcina”.

Kasuwar ma ba ta tsaya jiranmu ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Lokacin da muke rabon dukiya a kan takarda, Indunusiya na gina masana'antu. Ta hana fitar da ɗanyen nikel daga watan Janairun 2020, ta ce duk mai so ya zo ya narka a ƙasarta. Tarayyar Turai ta kai ta ƙara Hukumar Ciniki ta Duniya, aka yanke hukunci a kanta a 2022, ta ɗaukaka ƙara ta ci gaba da abinta. Kamfanonin Sin, musamman Tsingshan, suka zuba biliyoyi a Morowali ta tsibirin Sulawesi da Weda Bay ta Halmahera. Yau fiye da rabin nikel ɗin duniya daga can yake fitowa. Kaya ya cika kasuwa. Farashin da ya yi tsallen hauka ya haura dala 100,000 a ranar 8 ga Maris 2022, har kasuwar ƙarafa ta Landan ta dakatar da ciniki, ya dawo ya zube da fiye da kashi arba'in cikin ɗari a 2023. A 2024 kamfanin BHP ya dakatar da ayyukansa na nikel a yammacin Ostareliya, waɗanda, abin mamaki, gadon Western Mining ne, kamfanin da Morgan ya taɓa riƙewa. A shekarar dai masana'antar Koniambo ta Sabuwar Kaledoniya ta kashe wutarta. Kuma zancen batirin motocin lantarki da ake ta yi mana waƙa da shi, a sani cewa kusan kashi biyu cikin uku na nikel har yanzu ƙarfen da ba ya tsatsa yake tafiya, na tukwane da cokula da bututu, sannan akwai nau'in batir mai arha da kamfanonin Sin suka rungume wanda ba ya buƙatar nikel ko kaɗan. Duk minista ko gwamnan da ya zo mana da zancen nikel bai ambaci Indunusiya ba, bai yi aikin gida ba.

Ba kuma ina cewa mu kwaikwayi Indunusiya ido rufe ba. An sare dazuzzuka, ruwan gaɓar teku ya koma ja, masana'antun na cin kwal ba ƙaƙƙautawa, kuma a Disambar 2023 wata tukunyar narkawa ta fashe a Morowali ta kashe ma'aikata ashirin da ɗaya. A Botsuwana, garin Selebi-Phikwe da aka gina kan nikel da tagulla ya wayi gari a Oktobar 2016 an rufe ma'adinin, dubban magidanta suka rasa aiki dare ɗaya. Ka lura da watan: makonni kaɗan bayan mu mun fara rawa a kan Dangoma, su suna kuka a kan nasu.

Mu ma ai ba baƙin wannan kuka ba ne. Je ka Filato ka ga kududdufan da masu haƙar kuza suka bari, ramuka masu zurfi da har yau suke cin yara da dabbobi, kuzar kuwa ta daɗe da tsallaka teku. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinare ta kashe yara aƙalla ɗari huɗu a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, sai da ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF ta zo kafin a gane abin da ke kashe su. A 2015 abin ya maimaita kansa a Shikira ta jihar Neja. A 2019 gwamnati ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara baki ɗaya saboda 'yan bindiga, ba a ɗage ba sai Disambar 2024. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da wannan tarihi a bayanmu, shelar ma'adini ba tare da bayani ba ganganci ne da rayukan mutane, ballantana a kudancin Kaduna, inda rikici kan ƙasa ya riga ya ci rayuka ba adadi. Ka gaya wa mutane cewa gonar da suke jayayya a kanta tana kwance kan biliyoyi, sannan ka kama jirgi ka koma Abuja ka yi shiru. Me kake tsammani? Dillalan filaye su ne farkon masu jin irin wannan labari, manomi shi ne na ƙarshe.

Manomin nan kuwa doka ba ta ba shi komai a abin da ke ƙarƙashin gonarsa ba. Sashe na 44 na tsarin mulki da Dokar Ma'adinai ta 2007 sun damƙa duk ma'adinan ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya. Abin da ke nasa shi ne diyyar amfanin gona da gine-gine, da yarjejeniyar raya al'umma da doka ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla da mutanen wurin kafin ya fara. To da me zai zauna teburin wannan yarjejeniya idan bai san nawa ke ƙasa ba? Kamfani ya sani, jami'in da ya karɓi rahoto ya sani, dagaci da jama'arsa sai dai su karɓi rijiyar burtsatse da aji biyu na firamare su yi godiya. Ɓoye sakamakon bincike ga wanda ƙasar za ta tsage a ƙarƙashin ƙafarsa zalunci ne, ko da kuwa an naɗe shi da sunan sirrin kasuwanci.

Kuma ba kuɗin bincike aka rasa gaba ɗaya ba. Tsakanin 2003 da 2010 jirage sun yi shawagi suna auna maganaɗisun ƙasar nan daga sama. A 2017 Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 150 don farfaɗo da fannin ma'adinai, bashin da 'ya'yanmu za su biya. Duk da haka gudummawar fannin ga tattalin arziki ta daɗe tana ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari. Ministan da ya zo daga baya, Dele Alake, ya soke lasisi 1,633 a Nuwambar 2023 saboda rashin biyan kuɗin shekara, ya ƙara soke 924 a Afrilun 2024 saboda masu su sun rungume takarda ba aiki. Na yaba da sokewar, amma ka duba abin da adadin ke tonawa: ɗaruruwan mutane sun riƙe ƙasa ba don su huda ta ba, don su jira wanda zai saya a hannunsu. Su ne ke cin moriyar labari maras tushe, domin jita-jita ita ce jarinsu. Yanzu kuma waƙar ta koma kan litiyam, da kalmomi iri ɗaya da alƙawura iri ɗaya, kamar yadda aka buga ganga a Kolmani a Nuwambar 2022 cewa man Arewa ya iso.

Mu 'yan jarida ma kada mu wanke kanmu. Mun buga kanun labarai da manyan baƙaƙe, mun kwafi takardar sanarwa kalma da kalma, ba wanda ya ɗaga hannu ya tambayi rami nawa aka huda. Da labarin ya huce muka koma kan rikicin jam'iyya. Na sa kaina a ciki, domin ni ma ranar ban tambaya ba.

Ga tambayar yanzu, kuma amsarta ba ta buƙatar kwamiti. Lasisin bincike a dokarmu shekara uku ne, ana sabunta shi sau biyu, shekara bibbiyu, jimilla bakwai. Ko da a ce ranar da aka yi shela a 2016 aka ba da shi, wa'adinsa ya cika tun 2023. Ke nan ɗayan uku ne: ko an mayar da shi lasisin haƙa, wanda ba a bayarwa sai da rahoton nazari, ko an ba wani sabo, ko filin ya koma hannun gwamnati. Kowanne daga cikin ukun yana da takarda a Ofishin Rajistar Lasisin Ma'adinai da ke Abuja, kuma doka ta tilasta wa mai bincike ya riƙa miƙa rahoton aikinsa. A fito da su. A gaya mana rami nawa aka huda a Dangoma, zurfin mita nawa, kilo nawa aka samu a kowane tan, wane ɗakin gwaji ya auna, sunan wane ƙwararre ke ƙasan rahoton. A fassara shi da Hausa da Fulatanci da harsunan mutanen yankin, a karanta shi a ƙofar fadar hakimi. Idan sakamakon ya nuna abin bai kai a haƙa ba, a faɗa a fili, mutane su ci gaba da noman cittarsu da kwanciyar hankali. Sanatan Kaduna ta Kudu da ɗan majalisar da ke wakiltar Jama'a da Sanga suna da ikon rubuta wasiƙar neman waɗannan takardu gobe da safe, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ofishin kwana bakwai ya amsa.